Sau Huɗu Kai, Sau Huɗu Ni

Ran sadakar uku na kasa zama wuri ɗaya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Kawu Babba a Wudil, tun daga bakin zaure har gindin darbejiya, ni kuwa sai in zauna nan, in amsa gaisuwa biyu, in tashi in koma can. Aikina fassara labarai ne da karanta su a gidan rediyo a Kano, kuma aikin ya saba mini da wani hali: in mutane suna magana, kunnena yana ware abin da aka tabbatar daga abin da aka ji an ce. A ranar nan na ji abubuwa da yawa da ba a tabbatar ba.

Wani dillalin shanu, maƙwabcin marigayin, ya shafa addu'a, ya gyara zama, ya ce, "Allah ya jiƙan mai faɗuwa."

Mutum biyu ko uku suka sunkuyar da kai don kada a ga bakinsu. Liman ya dube shi.

"Ai ba sharri na yi masa ba, Allah gafarta malam. Ni da idona na ƙirga. Sau arba'in da ɗaya aka kai shi ƙasa a yammaci guda, kuma duk ya tashi yana murmushi. Ka taɓa ganin irinsa?"

"Ban taɓa ba," in ji Liman. "Ban kuma taɓa ganin dattijon da zai tsaya a katangar maƙwabcinsa yana ƙirge ba."

Wani masunci daga bakin kogi ya ce shi dai ya san mutumin da ya gyara masa inji ran Juma'a, ya ƙi karɓar komai sai kifi biyu. Wani manomi daga Lajawa ya ce sun yi iyakar gona shekara goma ba a taɓa jin kansu ba. Aka yi ta amin.

Da na shiga cikin gida na tarar da mahaifiyata zaune kusa da matar marigayin, wadda muke kira Inna. Idon mahaifiyar tawa ya bushe. Ta jawo ni ta ce a hankali, "Ni mutuwar ba ita ke ci na ba, kowa zai tafi. Abin da ke ci na, sun rabu ba su shirya ba."

Tana nufin 'yan'uwanta biyu, wanda ya rasu da ƙanensu. Haka yawancin garin ya ɗauka. Ƙanen yana can ƙarshen tabarma a waje, ana ce masa ya haƙuri yana cewa da godiya. Ba zai yi bayani ba, na san halinsa. Ni kuwa ina wurin lokacin da abin ya faru, shi ya sa nake rubuta wannan. Na fara shi sau uku ina yagewa.

Su uku ne a ɗakinsu: Kawu Babba, sai mahaifiyata, sai autansu wanda muke kira Kawu Ƙarami. Shekara goma sha shida ne tsakanin babban da autan. Babban ya je yaƙin Bama yana saurayi, wancan da aka gwabza da Japanawa, direban motar soja ne, kuma ba ya son a tayar da labarin. Bayan yaƙi ya zama bakanike. Daga baya ya sami aikin tuƙi a wani kamfanin saƙa a Kaduna, aka haɗa shi da wani injiniya Bajapane yana kai shi aiki yana dawo da shi. Abu ɗaya na taɓa ji ya faɗa a kan wannan haɗuwa: "A daji ban taɓa ganin fuskar ɗayansu kusa ba. Sai ga shi a bayan motata yana roƙon in rage gudu."

Injiniyan yana da wata damuwa. Yana yin aikido, wani wasan kare kai na ƙasarsu, kuma wasan ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Dole a sami wanda zai kama ka. 'Yan ƙasarsu da ke kamfanin aiki ya sha musu kai. Rannan da suka dawo gida ya miƙa wa direbansa wuyan hannu, ya yi masa alamar ya riƙe. Kawu ya ce ya riƙe da ƙarfin da yake kwance noti mai tsatsa, bai san abin da ya faru ba sai ya ga kansa yana kallon rufin ɗaki. Shekara shida suka yi suna yi. A can ana farawa da sunkuya wa juna. Kawu ya ce masa sunkuyawa ta Ubangiji ce, suka daidaita a kan kowa ya ɗora hannu a ƙirji.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai taɓa gani ba. Ɗaya ya kawo riƙo ko sara da hannu. Ɗayan ba ya tarewa. Sai ya kauce daga hanya, ya bi ƙarfin da aka kawo, ya juya wuyan hannu ko gwiwar hannu ta inda jiki ba zai iya tsayuwa ba. Wanda ya kawo harin sai ya bi, ya mirgina a kan kafaɗa, ya miƙe tsaye. Dama, hagu, dama, hagu. Sau huɗu ke nan. Sai a canja, wanda ya kayar ya zama mai faɗuwa. Ba alƙalin wasa, ba maki, ba wanda ya ci. Wanda ya kafa wasan a Japan ya hana a yi gasa da shi, kuma haka injiniyan ya koyar.

Da injiniyan ya koma gida, Kawu ya ajiye aiki ya dawo Wudil. Ya buɗe rumfar gyara kusa da gada, injin niƙa da injin ban ruwa, yana kuma noma. A bayan gidansa akwai tsohon ɗakin ajiyar gyaɗa wanda ba ƙofa. Ya cika buhuna da ƙaiƙayin shinkafa, ya ɗinke, ya jera, ya rufe da tamfol ɗin babbar mota. Saura wanda zai kama shi. Ya dubi garin duka, ya ga ba kowa sai ƙanensa, malamin motsa jiki a wata makaranta, mai ƙirar 'yan kokawa, wanda ya yi kokawar ma yana saurayi. Kullum bayan la'asar sai su shiga ɗakin nan.

A nan garin ya yi kuskuren da bai gyara ba har ran sadakar uku. A wurinmu, in aka kai mutum ƙasa magana ta ƙare, a yi wa wancan kiɗa, wannan ya kakkaɓe rairayi ya fita fili. To ga dattijo mai furfura a gemu, ƙanensa yana ta wurgi da shi. Masu leƙe ta katanga ba sa ƙirga faɗuwar ƙanen, don ba abin mamaki ba ne wa ya ka da ƙane. Ta yayan suke ƙirgawa. Daga nan sunan mai faɗuwa ya samo asali. Na taɓa tambayarsa ko abin yana damunsa.

"Rabin aikin faɗuwa ne," ya ce. "Wanda bai iya faɗuwa ba, ba ni da abin da zan koya masa. In na ƙi faɗuwa, Auta da wa zai koya?"

Yana da wasu halaye da ban fahimta ba sai daga baya. Ba ya ɗaga ƙafa sosai in yana tafiya, jan ta yake yi, takalmansa duk a gaba suke cinyewa. In kuka yi musafaha ba ya matsewa, amma sai ka ji hannunka ya tafi inda ya ga dama. Ba ya tsayawa daidai gaban mutum in ana gardama, sai ya dawo gefensa, kafaɗa da kafaɗa, kamar su biyun suna kallon abu ɗaya. Inna ta ce shekara talatin ba ta taɓa samun damar yi masa faɗa ido da ido ba, kafin ta buɗe baki yana gefenta.

Wata rana bayan kaka wani ɗan dambe ya taso daga Utai a kan keke. An gaya masa akwai wani a Wudil mai sirrin Japan. Ya tarar da Kawu a rumfa hannu duk baƙin mai. Ina zaune a kan benci, na zo hutun ƙarshen mako.

"Baba, wurinka na zo. Ina so mu gwada."

"Mu gwada me?"

"A ga wanda zai tsaya."

"Kai za ka tsaya. Ka ci. Sannu da ƙoƙari."

Ɗan damben ya yi turus. "Ai ba mu yi ba."

"To ga shi ka ci ba ka ko yi gumi ba. Kawo keken nan, tun daga gada nake jin sarƙarsa tana kuka."

Ya gyara masa sarƙa, ya sa aka kawo masa fura. Mutumin ya tafi bai san ko an girmama shi ba ne ko an raina shi. Ni ma a lokacin ban sani ba.

Sai shekarun nan suka zo da kuɗin mai ya cika ƙasa. Aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, kowa ya sayi babur. Manyan motocin siminti suna ƙetare gadar Wudil ba fashi. Ko'ina ana gini, ko'ina ana buɗe wani abu, kuma duk abin da aka buɗe sai an sa masa gasa da kofi. Ni kaina nakan karanta sakamakon wasanni bayan labarai, na san daɗin da mutane ke ji in an ce wane ya zo na ɗaya. A cikin wannan guguwa aka tura Kawu Ƙarami kwas na wata tara a Ingila.

Ya dawo da abu uku a jaka: usur, agogon auna lokaci, da wata wuƙar roba mai lanƙwasa. A can ya tarar da wani reshe na aikido wanda bai san da shi ba. Wani ɗalibin mai wasan, malamin jami'a, shi ya ɓullo da shi. Su suna gasa. A ba ɗaya wuƙar roba, ɗayan hannu sake. Mai wuƙa ya yi ƙoƙarin soka ta a jiki, in ya yi daidai ya sami maki. Ɗayan ya kauce, in ya gusar da shi daga tsayuwarsa ko ya kai shi ƙasa, shi ma maki. In lokaci ya cika a busa usur, a karɓi wuƙar a ba ɗayan. A ƙarshe a haɗa, a ɗaga hannun wani.

Muna cin tuwo a zaure ya ajiye wuƙar a kan tabarma ya yi bayani. Yayan ya ɗauka, ya lanƙwasa ta, ya sake ta ta miƙe.

"Wannan ko kabewa ba za ta yanka ba."

"Ba don yanka aka yi ta ba, Yaya. Don gaskiya aka yi ta."

"Da can ƙarya muke yi?"

"Ban ce ba. Amma duba. Ni nake ba ka hannuna. Na san ta inda za ka juya, na san zan faɗi, tun kafin ka taɓa ni na fara tafiya. Ta yaya za ka san abin yana aiki in ban taɓa ƙi ba?"

"In ka ƙi, wuyan hannunka zai karye."

"Ko kuma ba zai karye ba. Ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba. A can na kama wani yaro ɗan shekara ashirin, na yi masa duk abin da ka koya mini, ko gezau bai yi ba. Na ji kunya, Yaya."

Kawu Babba ya daɗe yana gutsurar tuwo bai kai baki ba. Sannan ya ce, "In aka sa maki, wanda ya faɗi zai koyi ƙin faɗuwa. Zai ƙanƙame jiki, ya ɓoye hannu. Ni kuma in na san kana neman ka ci ni, ba zan ba ka wuyan hannuna duka ba, zan rage wani abu. Kai ma ka rage. Daga nan kowa da nasa yake tafiya gida."

"Amma matasa za su zo. Shekara huɗu muna yi, mutum nawa ya shigo ɗakin nan? In akwai kofi za su cika shi."

"Su zo neman kofi."

"Su zo dai."

Na saurari duka biyun kamar yadda nake sauraron ɓangarori biyu na labari, kuma har yau ban iya cewa ɗayansu ya faɗi abin da ba haka ba. Gasa tana tona wanda ke yaudarar kansa. Rashin gasa yana barin mutum ya ba da jikinsa ba tare da tsoro ba. Abin da ɗaya ke samarwa, shi ɗayan ke rasawa.

Ba wannan gardama ce ta raba su ba. Sun ci gaba da shiga ɗakin buhuna, suna yi irin na da. Abin da ya raba su ya faru ne bayan wata biyu.

Kawu Ƙarami ya nemi a ba shi izinin kafa ƙungiya, aka ce wani jami'in wasanni zai zo daga Kano ya ga abin da idonsa. Ya roƙi yayansa su nuna tare, sau ɗaya kawai, irin nasu na gida, ba wuƙa ba maki. Mahaifiyata ma ta sa baki. Yayan ya yarda. Aka kwashi buhunan a amalanke aka kai filin makaranta. Ba wanda ya gayyaci makaɗan kokawa, amma sun ji an ce za a yi kaye, suka zo da gangunansu da maroƙinsu. Kafin la'asar fili ya cika.

Suka ɗora hannu a ƙirji. Yayan ne ya fara kamawa, ƙanen ya juya shi. Dama, hagu, dama, hagu. Duk faɗuwa sai ganga ta tashi, jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Maroƙi yana zagayawa yana cewa yau auta ya zama babba. Ina kusa, na ga fuskar Kawu Ƙarami ta canja. Tsohon ɗan kokawa ne, kuma gangar da ya taso da ita ce ake kaɗa masa.

Aka canja. Ya kama wuyan hannun yayansa. Yayan ya kauce, ya juya. A nan ya kamata ya bi ya mirgina. Bai bi ba. Ya kafa ƙafa, ya ƙanƙame hannu.

Abin bai fi daƙiƙa biyu ba. Kawu Babba ya riga ya sa wuyan hannun a inda in ya ƙara dannawa kaɗan, ɗayan biyu ne, ko mutum ya faɗi ko ƙashi ya amsa. Na ga ya dubi ƙanensa. Sai ya saki. Da ya saki, jikin ƙanen ya yi abin da ya saba tun yana saurayi, ya sa ƙafa ya taɗe shi. Dattijon ya tafi ƙasa karo na biyar, ya mirgina lafiya lau, ya miƙe.

Fili ya ɗauka. Matasa suka shigo suka ɗaga Kawu Ƙarami sama. Jami'in yana tafi. Kawu Babba ya ɗora hannu a ƙirji, ba wanda ya amsa masa, ya sa takalmansa ya nemi mai amalanke.

Washegari ƙanen ya zo bayan la'asar kamar kullum.

"Yaya, jiya ganga ce ta..."

"Na ji ta. Ni ma ina da kunne."

"To mu shiga."

"Juyinka ne na faɗuwa, Auta. Ka riƙe shi a gaban mutane. Ka ci gaba da riƙonsa."

Shekara biyar ke nan. Ba su yi gaba irin wadda shari'a ta hana ba. Suna gaisawa, suna cin abincin salla tare, in an yi haihuwa ko rasuwa suna zama tabarma ɗaya. Amma hannun ɗaya bai sake kama na ɗaya ba, ko musafaha sai dai kowa ya taɓa ƙirjinsa daga nesa. An ba Kawu Ƙarami izininsa, aka mayar da shi Kano. Ƙungiyarsa ta yi ƙarfi, matasa suka cika ta kamar yadda ya ce, kofuna suka jeru a kan kabad ɗinsa. Na sha karanta sakamakonsu a rediyo. Inna ta ce in an zo wurin, yayan ba ya kashe rediyon.

Shi kuwa ya rasa abokin yi. Ya tuntuɓi wani mahauci, ya tuntuɓi wani direba, ya tuntuɓi masuncin nan. Kowa sai ya yi dariya ya ce shi da iyalinsa ba zai je a riƙa buga shi da ƙasa ba. Ya gwada ni. Na yi mako uku, na kasa sakin jikina, duk faɗuwa sai na tare ƙasa da tafin hannu, ya ce in bari kafin in rasa hannun da nake riƙe takarda. Daga nan sai shi kaɗai. Bayan la'asar ya shiga ɗakin, ya miƙa hannu ga wanda ba ya nan, ya kauce, ya juya iska. Sau huɗu. Sannan ya mirgina shi kaɗai sau huɗu. Na tsaya a bakin ƙofa na kalli wannan sau ɗaya, ban sake iyawa ba. Buhunan suka lotse, ɓeraye suka huda su, bai sake cika su ba.

Ciwon ya fara masa da damina. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya gajarce. Aka kai shi asibiti a Kano, aka dawo da shi da magunguna da kuma irin kallon da likita ke yi wa dangi. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

Wata Laraba na je duba shi, na tarar da amalanke a ƙofar gida da tarin ƙaiƙayi. Ya sa an sauke buhunan, an cika, an ɗinke. Yana zaune a kujera yana nuna inda za a ja tamfol.

"In ka koma Kano," ya ce, "ka gaya wa Auta an cika buhuna."

"Shi ke nan saƙon?"

"Kai ba mai karanta labarai ba ne? Faɗi yadda aka ba ka. Kada ka ƙara, kada ka rage."

A ranar na kai. Kawu Ƙarami yana shirin fita, makullin mota a hannu. Ya ce, "Me kuma ya ce?" Na ce babu. Ya zauna a hannun kujera ya daɗe yana juya makullin.

Ran Asabar da hantsi muka iso tare. Inna ta ce ba ta yarda a shiga ɗakin buhuna ba, mutumin da ba ya iya zuwa masallaci. Kawu Babba ya dawo gefenta ya ce minti biyar ne. Ni na riƙe shi har bakin ɗakin. A nan ya zame hannuna, ya cire takalmi, ya taka tamfol da kansa. Suka tsaya suna fuskantar juna. Suka ɗora hannu a ƙirji.

Ya miƙa wuyan hannunsa, siriri kamar kara. "Kama."

Ƙanen ya kama. Dattijon ya ja ƙafa gefe, ya juya. Kafin juyin ya kai ko'ina, Kawu Ƙarami ya tafi, ya mirgina, ya miƙe. Faɗuwa ce mai kyau, ta mutumin da ya yi shekara biyar yana ajiye da ita.

Kawu Babba ya ɓata rai. "Wannan sadaka ce. Ban taɓa ka ba."

"Yaya..."

"Ba don wannan na kira ka ba. Ka ce ban sani ba. Shekara biyar ina juya maganar, kuma gaskiyarka, ban sani ba. Riƙe da gaske. Ka ƙi."

"Ba ka da lafiya."

"Shi ya sa ba ni da lokacin jira. Riƙe."

Ya riƙe. Na ga jijiyoyin hannunsa sun tashi. Dattijon ya kauce, ya juya, ya sauke kafaɗa, ya sake gwadawa ta ɗaya gefen. Ya yi duk abin da ya sani, a tsanake, ba gaggawa. Hannun bai motsa ba. Suka tsaya haka, numfashinsa kawai ake ji. Hawaye yana zuba a fuskar ƙanen, amma bai sassauta ba, don an ce kada ya sassauta.

Sai Kawu Babba ya yi dariya, tari ya katse ta.

"To. Ko abin ne ba ya cin wanda ya ƙi, ko ni ne na ƙare."

"Ranar fili da ka danna, da na faɗi. Ko na karye. Na ji shi a ƙashina, Yaya."

"Ka ji dai. Ba mu gani ba." Ya numfasa. "Yaranka sun iya faɗuwa?"

"Ba sosai ba. Ba sa so."

"Ka fara musu da ita. Wata uku kafin ka ba su robar nan."

"To."

Na matso don in mayar da shi ɗaki. Ya ɗaga mini hannu. Ya juya ga ƙanensa, ya kama wuyan hannunsa da hannu biyu, riƙon da ba zai hana kaza tashi ba.

"An canja. Juyina ne."

Kawu Ƙarami ya dube ni, na kawar da kai. Sai ya ja ƙafa gefe, ya juya a hankali, ya sa ɗaya hannun a bayan wuyan yayansa, ya durƙusa tare da shi, yana sauke shi kaɗan-kaɗan har bayansa ya taɓa tamfol. Ƙaiƙayin ko ƙara bai yi ba. Dattijon ya kwanta yana kallon rufi, ya lumshe ido.

"Ɗaya," ya ce. "Saura uku. Ɗaga ni."

Sun cika huɗun. Ya ɗauke su kusan rabin awa, ni ne shaida. Bayan kwana tara ya cika, ranar Litinin da azahar, kansa a kan cinyar ƙanensa.

Allah ya sa ƙasar da ta karɓe shi ta yi masa taushi, ya yafe masa, ya ba wanda ya bari haƙurin rashin mai kama hannunsa.